Mai Inji da Ɗakin Bayan Lambu

Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana aiki a gidan gonar nan, kuma a duk tsawon shekarun babu wanda ya kira shi da wani suna ban da Mai Inji. Har matarsa, in ranta ya ɓaci, da shi take kiransa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar bayan kunkuru, baƙin mai ya shige ƙarƙashin farcensa ya yi zaman dirshan, sabulu ya yi iyakar yinsa ya haƙura.

Yana da shekara ashirin da uku ya zo, daga wani garejin gyaran manyan motoci. A lokacin tsohon mai gidan, attajiri mai gandun da sai ka yi tafiyar awa guda ba ka ga ƙarshensa ba, ya sayo janareto daga ƙetare. Aka kawo shi guntu-guntu cikin akwatunan katako, aka rasa mai haɗa shi. Saurayin ya yi kwana goma sha ɗaya a kansa, da sifana da wata takarda mai zane wadda ba ya iya karanta rubutunta. Rana ta goma sha biyu injin ya yi tari sau biyu, ya kama. Gidan bene mai ɗaki ashirin ya ɗauki haske, tsohon ya dafa kafaɗarsa ya ce daga yau shi da ƙarfen nan mutu ka raba.

Injin mai silinda shida ne, da ƙaton wili a gefe wanda ya kai ƙirjin mutum. Da kunne Mai Inji ya san shi. Yakan ɗora bakin sukudireba a jikin ƙarfen, ya kara mariƙin a kunnensa, ya faɗa maka abin da zai lalace nan da mako biyu. Ya yi aure a gidan, aka haifa masa yara uku a ɗakunan ma'aikata. Matarsa takan ce ita dai ta haifi uku amma huɗu take reno, don na farin yana can yana shan mai bai taɓa cewa ya ƙoshi ba. Daga nan yaran suka riƙa kiran injin Babban Yaya.

Da tsohon ya rasu, 'ya'yansa suka watse birane, kowa na jan gadon da ya bari ta nasa ɓangaren. Gidan ya zama kango. Rufi ya fara yoyo, jemagu suka tare a falon sama, awakin maƙwabta suka mai da baranda wurin shan inuwa. Ma'aikata suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Mai Inji bai tafi ba. Ya riƙa noma ɗan fili a bayan rijiya, kuma kowane mako sai ya je ya juya wilin da hannu, ya ɗiga mai inda ya dace, don kada ƙarfe ya cije. Shekara goma sha shida yana haka. 'Ya'yansa maza biyu suka girma suka tafi neman na kansu, aka bar shi da matarsa da 'yar autarsu, wadda kowa ke kira Auta.

Sai ga jikar tsohon ta dawo daga karatu a ƙasashen waje, ta sasanta da iyayenta da baffanninta, ta karɓi gidan. Tana sauka daga mota ta gane shi. Ta rusuna ta gaishe shi, ta kira shi Baba, ta tuna masa yadda yake ɗaga ta tana ƙarama ta leƙa wilin yana juyawa. Ran nan Mai Inji ya koma gida yana share ido da hannun riga. Ya ce wa matarsa jinin kirki ba ya ɓata.

Shekara biyu ana gyara. Magina suka tayar da bangon da ya zube da irin dutsensa na da, kafintoci suka kankare tsofaffin ƙofofi har zanensu ya fito. Bargar dawakai ta zama ɗakunan kwana masu gadaje kamar a yi iyo a kai. Niyyar Uwarɗaki, sunan da ma'aikata suka koma kiranta da shi, ita ce ta yi masaukin masu hannu da shuni waɗanda birni ya gundura, kuma ta yi shi ba tare da an cuci ƙasa ba. Aka gina tankunan tara ruwan sama, aka hana leda da robar ruwa shiga gidan, ragowar abinci ya koma taki, aka rataye amya a bishiyoyi. A kan rufin tsohon sito aka jera farantan sola, baƙaƙe suna ƙyalli. A bakin hanya aka kafa allo mai cewa duk wutar gidan nan daga rana take, babu hayaƙi, babu ƙara.

Da kanta ta zo ta gaya masa cewa injin zai huta, shi kuma zai koma kula da famfunan lambu. Bai ji haushi ba. Ya ce ai ko doki in ya tsufa akan sauke masa sirdi. Ya wanke Babban Yaya tas, ya lulluɓe shi da tamfol. Auta kuma, da yake bakinta ya iya harsunan baƙi, aka ɗauke ta mai zagayawa da su.

Rani ya wuce lafiya. Damina ta fari ce ta tona asiri. Hadari ya rufe sama kwana tara, rana ko leƙowa ba ta yi. Kafin la'asar batura sun mutu. Baƙin da suka zo don su ji kukan tsuntsaye suka fara tambayar ina ruwan zafi, ina sanyin ɗaki, don me ruwan wurin ninƙaya ya yi kore. Nama ya fara wari a firiji. Manaja, wani dogo mai turare wanda ba ya taka ciyawa don kada takalminsa ya jiƙe, ya bi taɓo har bayan rijiya yana neman Mai Inji. Ya tambaye shi ko tsohon ƙarfen nan zai iya tashi.

Mai Inji ya yaye tamfol, ya zuba gas, ya ja numfashi. Bugu na uku injin ya kama.

Wuta ta dawo, amma ƙara da hayaƙi suka biyo ta, wata baƙuwa ta tsaya a baranda tana nuna hayaƙin da yatsa tana karanto abin da ke allon bakin hanya. Cikin mako guda aka samo dabara. A gangaren da ke bayan katangar lambu aka haƙa ɗaki cikin ƙasa, aka lulluɓe bangonsa da soso mai kauri, aka sa ƙofar ƙarfe, aka ja bututun hayaƙi ta ƙarƙashi har cikin wani kwazazzabo mai duhuwa. Aka shuka furanni a kan rufin. Ranar da babu baƙi aka jawo injin aka saka shi ciki. Manaja ya rufe ƙofa, ya tsaya a lambu ya kasa kunne, ya yi murmushi. Ƙarar ba ta fita. Tana nan ciki, tare da wanda ke zaune kusa da ita.

Uwarɗaki ta ce masa na ɗan lokaci ne, kafin a ƙaro batura. Ba a ƙaro ba. Abin da aka ƙara shi ne ɗakuna takwas da ɗakin tururi da babban kicin, har ya zama ko da rani ma rana ita kaɗai ba ta ɗaukar kayan. Ɗan lokaci ya zama shekara bakwai.

Aka kafa masa dokoki. Ba zai ratsa farfajiya da kayan aiki ba. A jerin ma'aikata sunansa mai ban ruwa. Durom ɗin gas a motar kayan lambu ake kawo shi, an rufe da buhuna. Ranar da ma'aikata suka jeru gaban bene aka ɗauki hoton da ke rataye a wurin karɓar baƙi, yana ƙasa yana riƙe da wutar da mai hoton ke aiki da ita. Kuma injin ya tsufa, abin da ke daidaita gudunsa ya sassauta, dole mutum ya zauna kusa yana taɓawa, in ba haka ba fitilun ɗakuna su riƙa kyaftawa. Sai ya zauna, a kan wata tsohuwar jarka, awa shida, awa takwas, da auduga a kunne. Sau biyu ya roƙi a sayo masa abin toshe kunne irin na masu aikin kamfani. Sau biyu Manaja ya ce zai duba.

Ƙugi ya fara ji, kamar an kulle ƙudan zuma a kansa. Daga nan sai matarsa ta kira shi sau biyu, sau uku, ya juyo yana tambayar ko magana take. Babban ɗansa ya kawo jika a gani, jaririn ya tsala kuka a hannunsa, shi kuwa sai da ya ga bakin a buɗe ya gane. Sukudireba ta daina gaya masa komai. Ya koma jin injin da tafin hannu da tafin ƙafa, ya cire takalmi ya taka siminti. Matarsa ta ce kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo, ta ce ya ajiye aikin. Ya ce in ya ajiye wa zai riƙe, ai ƙarfen ba ya jin maganar kowa sai tasa.

Kullum da ƙarfe goma na safe Auta takan biyo da baƙi ta lambu, cikin farar rigar aiki. Takan nuna musu ramin taki da amya, ta tsaya daidai kan furannin nan ta ɗaga hannu wajen rufin sito, ta ce ko ƙwai ɗaya na lantarki a gidan nan rana ce ke kunna shi. Ubanta na ƙarƙashin ƙafarta. Sau ɗaya ya taɓa tambayarta ko harshenta ba ya yi mata nauyi. Ta sunkuyar da kai ta ce abin da aka rubuta mata ke nan. Bai sake tayar da zancen ba.

A damina ta bakwai aka yi wani baƙo, tsoho mai farin gashi da ɗingishi, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a ɗakin injin jirgin ruwa. Yana zaune a lambu da hantsi, gari a lumshe, sai ya ga shayin da ke cikin kofinsa yana rawa, rawa mai tsari. Ya ajiye kofin, ya dafa ƙasa. Ya tashi ya bi katanga, ya sauka gangare, ya ture ƙofar ƙarfe.

Mai Inji ya miƙe a firgice, yana yi masa alama da hannu ya koma. Baƙon ko kallonsa bai yi ba. Ya je ya ɗora tafinsa a jikin injin, ya rufe ido. Can ya buɗe, ya ɗaga yatsu shida. Sa'an nan ya nuna silinda ta huɗu, ya karkaɗa hannu alamar tana ɗan ɗingishi kamar shi. Dariya ta kuɓuce wa Mai Inji, don shekara biyu ke nan ya san da wannan, kuma bai taɓa samun wanda zai gaya wa ba.

Ba sa jin yaren juna, kuma ko suna ji, a ɗakin nan magana ba ta da amfani. Awa biyu suka yi. Mai Inji ya nuna masa abubuwan da ya ƙera da hannunsa tun da aka daina sayar da kayan irin wannan inji: nan ya yanko daga tsohuwar taya, nan ya goge ƙarfen keken ɗinki har ya zauna daidai, nan sifirin ɗin wata matacciyar tarakta ne. Baƙon yana girgiza kai, yana buga masa kafaɗa. Da zai tafi ya kama baƙin hannun nan da hannu biyu, ya riƙe ya daɗe. Ran nan Mai Inji ya koma gida ya ci abinci har da ƙari, matarsa tana kallonsa tana mamaki.

Baƙon kuwa, da zuciya ɗaya, ya shiga ɗakin cin abinci da baƙin mai a gaban rigarsa, ya gaya wa duk wanda ke wurin cewa abin kallo a gidan nan ba ƙofofi ba ne, ba zuma ba ce, wani mutum ne da ke ƙarƙashin lambu yana riƙe da injin da ya kamata ya mutu tun shekara ashirin. Cikin masu sauraro akwai wata mai rubuce-rubuce kan masaukai. Ba a yi mako ba labari ya zaga duniya ta waya. Masu zuwa suka fara fasawa. Ƙungiyar da ta ba gidan lambar yabo ta kare muhalli ta aiko takarda tana neman bayani.

Aka kira Mai Inji ofis. Rabonsa da zama a kujerar ofis ɗin tun ana gyaran gidan. Uwarɗaki na zaune, Manaja na tsaye, an kuma kira Auta, don ita kaɗai ta san yadda ake magana a kunnensa na hagu ya ji. Saboda haka duk abin da aka faɗa, ta bakin 'yarsa ya shiga.

Manaja ya yi bayani, Auta tana maimaitawa da ƙarfi. Za a ce shi ne yake tayar da injin don raɗin kansa, saboda sabo da tsufa, ba da sanin hukumar gidan ba. Za a ce an gano, an yi masa uzuri, an sallame shi cikin mutunci. Ga takarda, hannu kawai zai sa.

Mai Inji ya dubi takardar, ya dubi Manaja. Da yake ba ya jin muryar kansa, maganar ta fito da ƙarfi har ta cika ofis.

"Ramin fa, ni na haƙa da farcena? Gas ɗin shekara bakwai, a bayan rijiya nake tono shi?"

Manaja ya gyara wuyan riga. Uwarɗaki ta juya tana kallon taga. Da ta yi magana, a hankali ta yi, Auta ta maimaita.

"Ta ce, Baba, mutum sittin ke ci a gidan nan. In an rufe shi duk sun tashi." Sa'an nan ta ƙarasa. "Ta ce har da ni."

Ya daɗe yana kallon 'yarsa. Ya goge hannunsa a wando, ya karɓi biro, ya sa hannu. Yatsansa ya bar baƙin tabo a gefen takardar. Uwarɗaki ta miƙe za ta raka shi, ya ce ta zauna, ya san hanya.

Abin da ya biyo baya Auta ce ta riƙa ba uwarta labari, shi kuma yana tsinta daga leɓɓansu. Aka zo da mota mai ƙugiya aka ciro injin, aka cike ramin. Aka wanke shi, aka shafe shi da koren fenti, aka girke shi a tsakiyar farfajiya cikin furanni. Aka manna masa allon tagulla mai cewa wannan inji ya haskaka gidan a zamanin da, ya kuma yi ritaya ranar da gidan ya koma ga rana. Kwanan watan da aka rubuta na shekara bakwai baya ne. Sabon janareto kuwa, irin mai akwati wanda ba ya ƙara, aka ajiye shi a gonar wani maƙwabci can bayan shinge, aka ja waya ta ƙasa. A takarda na maƙwabcin ne. Ƙungiyar ta zo ta duba, ta ga rami a cike, ta ga takarda da sa hannu, ta bar musu lambarsu. Kafin wata shida ɗakuna sun sake cika.

Korar ba ta ci masa rai kamar yadda kallon da mutanen gari suka yi wa lamarin ya ci masa ba. Wasu sun san gaskiya, suka yi shiru don 'ya'yansu na aiki a can. Wasu kuwa suka yarda. Aka riƙa cewa ƙarfe ya taɓa masa kai, tsoho ya kusa rufe wa mutane hanyar abinci don son wasa da inji. Ba ya jin abin da ake faɗa in ya wuce, amma yana ganin yadda ake taɓa juna.

Ya kama wata rumfa a gefen kasuwa yana gyaran injin ban ruwa na masu lambu. Hannun yana nan, amma aikin da a da yake yi cikin rabin awa yanzu sai ya wuni, don sai ya kwance komai ya gani da ido. Masu gaggawa suka koma wajen samari.

Bayan shekara guda wani ƙunshi ya iso gidan gonar daga ƙetare, an rubuta a kai: zuwa ga mutumin da ke kula da injin. Auta ta kawo masa. Daga baƙon nan ne, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa. Ya bi kasuwannin tsofaffin ƙarafa har ya samo bakin feshin man silinda ta huɗu, sabo fil cikin takardar maiƙo, ya aiko da 'yar wasiƙa yana fatan abokinsa na lafiya kuma injin na nan yana bugawa. Da alama bai san abin da bakinsa ya jawo ba. Auta ta karanta masa a kunne. Ya juya ƙarfen a tafinsa, ya ce aikin kirki ne, wanda ya ƙera shi ya san abin da yake yi. Ya mayar cikin takardar, ya tura ƙarƙashin gado. Ta tambaye shi ko a mayar da amsa. Ya ce a bar bawan Allah da farin cikinsa.

Auta ba ta bar aikin ba, har ma an ƙara mata girma. Sau ɗaya ta durƙusa ta ce ya yafe mata. Ya ce ba ta yi masa komai ba, kuma da gaske yake. Sai dai tun daga ranar ofis bai ƙara tambayarta ya aiki ba, ita ma ta daina faɗa.

A rani na biyu Uwarɗaki ta aiko ta da saƙo. Baƙi suna son injin nan, kowa sai ya ɗauki hoto da shi, suna kuma tambayar labarinsa. Shi ne ta ga ya dace Baba ya riƙa zuwa ran Asabar, a ɗinka masa sabbin kayan aiki masu tsabta, ya tsaya kusa da shi ya ba su labarin zamanin kakanta, Auta na fassarawa. Ta ce ba aiki ba ne mai wahala, kuma za a kyautata masa.

Auta ta same shi a rumfa, hannunsa cikin kwanon fetur yana wanke wani ƙarfe. Ta durƙusa ta gefen hagu ta faɗa masa, sau biyu, har maƙwabcinsa mai facin taya ya ji. Bai ɗago ba sai da ya gama wankin.

"Ki gaya wa Uwarɗaki likita ya ce kunnena ya mutu," in ji shi. "Duk abin da ta aiko ki da shi, ban ji ba."

Auta ba ta kai saƙon haka ba. Ta ce Baba ba ya jin daɗin jikinsa, yana godiya ƙwarai. Uwarɗaki ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta sa aka ba ta kwalbar zuma mafi girma ta kai masa. Matarsa ce ta karɓa a bakin ƙofa. Ta karanta takardar da ke jikin kwalbar, ta duba hoton benen, ta miƙa wa maƙwabciyarta mai fama da tari.